Akwatin da Ya Yi wa Baffa Shaidar Zur

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, shi ya sa na rufe keken ɗinkina yau na ɗauki biro. Duk wanda aka miƙa wa farin akwatin nan mai kuka a asibiti, aka ce ya kai gida ya yi jinyar wani babba da shi, don Allah ya zauna ya karanta wannan tukuna. Ni na riga na yi wautar, ba sai wani ya maimaita ta ba.

Sunana Rukayya, tela ce ni a unguwar Azuba. A nan Lafiya aka haife ni, kakannina 'yan kasuwa ne da suka gangaro daga Kano suka ƙi komawa. Mijina, Abban Hanifa, Bafulatani ne ɗan ruga wanda mota ta janyo gari. Doya da riɗi yake ɗauka daga Doma ya kai Abuja, sai ya yi kwana huɗu ko biyar ban sa shi a ido ba. Shi ne ɗan farin Baffa, kuma a kan Baffa ne wannan labarin.

Baffa, wato surukina, yana zaune da shanunsa a wata ruga bayan Adogi. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta wuce ta gaisuwa. Shekara tara ina auren ɗansa, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba. In ya zo gidanmu na kai masa abinci, sai na ajiye na fita na ja labule, sannan in ji motsin kwano. Bai taɓa kiran sunana ba, "'yar mutane" yake ce mini. Ɗansa kuwa ko hakan bai samu ba, don ɗan fari ne; in dole ta kama sai ya ce "wancan na gari." Da farko abin yana ba ni dariya, har ina tsokanar Abban Hanifa cewa ubansa ya manta sunan da ya raɗa masa. Daga baya na saba, har ma na fara alfahari da ni ma na iya kunyar Fulani.

Wani tari ya fara masa tun kafin ruwan farko. Mu ba mu sani ba, don a ruga tari ba ciwo ba ne sai ya kwantar da mutum. Ƙanwarsa Goggo Dije ta yi ta dafa masa saiwoyi, aka ce sanyi ne, aka ce ƙurar shanu ce, wata tsohuwa ma ta ce wani ne ya yi masa jifa saboda sanuwar da ya ƙi sayarwa. Sai da ya kasa bin shanu zuwa rafi sannan Goggo ta kira ɗan nasa a waya. Ranar da aka sauko da shi daga mota a ƙofar gidanmu, na tsaya riƙe da buta ban san lokacin da ruwan ya zube ba. Rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

Satin farko a layin asibiti ya ƙare. Mu fita da sassafe mu karɓi kati, a kira mu bayan azahar. Yau a ce a kawo majina a ɗan kwalba, gobe a ce hoton ƙirji, jibi a ce mai na'urar bai zo ba. Baffa yana zaune a benci ya rufe baki da gefen rawani, ko ruwa ba zai sha ba tunda ina wurin. Kwana na shida likita ya ce tarin fuka ne, kuma ya ci huhun dama sosai. Ya ce akwai magani, wata shida ne, kuma in an sha shi kullum ba fashi ana warkewa. Na riƙe wannan "ba fashi" ɗin kamar karatun allo.

Aka tura mu wani ɗaki a bayan asibitin wajen Madam Ladi, mai kula da masu irin wannan ciwon. Mace ce 'yar duma-duma mai saurin magana, 'yar ƙabilar Eggon, kuma a bakinta kowa "ka" ne, mace ko namiji. Ɗakin ƙarami ne, don haka aka bar Baffa a bencin waje, ni da Abban Hanifa muka shiga. Ta ɗauko wani farin akwatin roba, bai kai akwatin da nake zuba zare da allura ba, ta jera katin ƙwayoyi a ciki.

"Ka ga wannan akwati? Yana da wayo o," ta ce tana kallona. "Ƙarfe bakwai na safe zai yi kuka, wuta zai kama a nan. Ka buɗe, ka cire guda uku, Baba ya sha kafin ya ci abinci. Da ka buɗe, zai aiko mini saƙo a waya, ranan zai yi kore. In ba ka buɗe ba zai yi ja, ni kuma zan kira ka in yi maka faɗa."

Na ce ba za ta taɓa ganin ja a wajena ba. Ta yi dariya ta ce kowa haka yake faɗa.

Muna shirin fita ta ƙara da cewa, "Yauwa, kar na manta. Wannan magani zai sa fitsari nashi ya yi ja, jaa kamar zoɓo. Ba jini ba ne. Ka gaya mashi kar ya ji tsoro." Kafin in amsa ta riga ta kira na gaba, don layin har ya kai bakin famfo.

A cikin keke-napep na zunguri Abban Hanifa na ce masa ƙasa-ƙasa, "Ka ji abin da ta ce. Kai za ka faɗa masa."

Ya zaro ido. "Ni? In tsaya gaban Baffa in yi masa maganar wannan abu? Ke ma kin san ba zai yiwu ba."

"To ni surukarsa ce zan yi?"

"Bari, zan sa Goggo."

Goggo Dije, da ta rako Baffa gari, ta koma ruga da yammacin ranar saboda tatsa. Washegari shi ma ya ja mota ya tafi Doma. Na ɗauka ya faɗa mata, shi ya ɗauka zai faɗa mata in ya dawo, maganar ta faɗi a tsakaninmu ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Sau biyu ta faɗo mini a rai a satin nan. Duk sau biyun na tsaya a bakin ƙofar Baffa, na kasa furta kalmar, na ce ai dattijo ne, ya ga duniya, zai gane da kansa.

Magani kyauta ne, wannan kam na yaba, Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Abin da ba kyauta ba shi ne hoton ƙirji, da kuɗin keke, da ƙwai da hanta da aka ce a riƙa ba shi. Rago ɗaya aka kawo daga ruga aka sayar, ɗinkina kuma ya tsaya cak. Ban yi ƙorafi ba. Na share masa ɗakin waje mai taga biyu kamar yadda Madam ta ce, na hana 'yata Hanifa shiga, na ware masa kofi da kwano.

Akwatin kuma a ɗakina na ajiye shi, kan kabad, don kada kukansa ya dami Baffa. Ƙarfe bakwai daidai zai fara: tit, tit, tit. Ko ina tsakiyar hura wuta zan yar da mafici in ruga. In buɗe, in ɓalle ƙwaya uku jajaye masu kauri, in ɗora a ɗan faranti, in haɗa da kofin ruwa. In yi sallama, in durƙusa, in ajiye a gefen tabarmarsa.

"Baffa, ga magani."

"Madalla, 'yar mutane. Allah ya yi albarka."

Sai in fita in ja labule. Bayan minti goma in dawo, faranti wayam, kofi rabi. Kullum haka.

Sati biyu da farawa muka koma karɓar wani maganin. Madam Ladi ta juyo mini da wayarta, ga layin kore reras ba ɗigon ja ko ɗaya. Ta ɗaga murya yadda duk na benci za su ji: "Ku zo ku ga matan da ya san aiki! Ko minti biyar ba ya wucewa." Ni kuwa kaina ya kumbura. Na dawo gida ina ba maƙwabta labari, har ina yi wa wata da mijinta ke fashin maganin hawan jini gori. Allah ya yafe mini wannan bakin.

Sai dai sikeli bai yi kore ba. An auna Baffa, bai ƙaru ba. Madam ta ce ba komai, wasu sai a hankali.

Sati na huɗu ya ragu da kilo ɗaya. Zufa take jiƙa masa riga har sai an matse, tarin kuma ya koma wani mai zurfi wanda in ya fara sai na tsayar da abin da nake yi ina jiran ya tsaya. Goggo Dije ta zo da gora cike da jiƙo, ta zauna a tsakar gida tana kallon akwatin da na fito da shi don in yi masa caji.

"Wannan abin da ke kuka ba baki, shi kuka miƙa wa ɗan'uwana?" ta ce. "Tun da aka kawo shi gidan nan yake ƙarewa. Ku ba ni shi in mai da shi ruga, a can ko nono zai sha."

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, likita ya ce wata shida."

"Likita ya san wata shida, Allah ne ya san gobe."

Mahaifiyata ma ta aiko da rubutu da zuma, wani abokin Abban Hanifa ya ce akwai mai magani a hanyar Doma da ke cire irin wannan a kwana uku. Kowa da tasa. Ni dai na kafe a kan akwatina, don shi kaɗai ne a cikinsu yake da shaida a rubuce.

Sati na shida Baffa ya daina fita alwala, sai dai a kai masa buta da roba. Muka koma asibiti ba ranarmu ba. Madam Ladi ta kalle shi, ta kalli wayarta, ta sake kallonsa, dariyar nan tata ta ɗauke. Ta ce akwai wani irin tarin da ba ya jin wannan maganin, sai an sake gwaji. In shi ne, maganinsa daban ne kuma ya fi wahala. Aka karɓi majina, aka ce mu dawo bayan kwana uku. A kwana ukun nan ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Sakamako ya fito, aka shigar da mu wajen likita. Wani matashi ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya. Ya ce ƙwayar cutar ba mai taurin kai ba ce, irin wadda maganin nan ke kashewa ce. Ya juya takardar ya sake juyawa, sannan ya ce, "Hajiya, kin tabbata yana sha?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Likita, a duba waya mana. Kwana arba'in da wani abu, ko ɗaya ban yi fashi ba."

Ya ce, "Na gani. Amma akwati hannu yake gani, ba ya ganin maƙogwaro. Kina tsayawa har ya haɗiye?"

Na ce surukina ne. Na faɗe shi da irin muryar da ke nufin an gama magana. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, aka leƙo aka ce ana nemansa a ɗakin gaggawa. Ya rubuta ƙarin maganin jini da na cin abinci, ya ce lallai a sa ido, ya fita. Madam Ladi ta leƙa waje ta tambayi Baffa da ƙarfi, "Baba, kana shan magani?" Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana kawowa kullum." Bai yi ƙarya ba. Mu ne muka ji abin da muke so mu ji.

Na koma gida ina huci, ina cewa yaron likitan nan bai san mutane ba, wai dattijo kamar Baffa ne zai yi wasa da magani. Washegari akwati ya yi kuka, na kai faranti, na tsaya daƙiƙa kaɗan fiye da kullum. Baffa bai taɓa farantin ba, ya dai kafa wa bango ido yana jan carbi. Kunya ta yi mini nauyi, ƙafafuna suka fitar da ni da kansu. Haka na ƙara kwana biyar.

Ranar Talata bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa da iska. Kwanon ɗakin waje yana da wani wuri da ke yoyo, na sha gaya wa Abban Hanifa ya gyara. Da ruwan ya tsagaita na shiga da tsumma da bokiti. Baffa yana kwance ya juya baya. A kusurwar da ke kusa da kansa, inda yake rataye jakarsa ta fata, na ga wani jan abu yana bin bango yana taruwa a siminti.

Na saki bokitin. Na ɗauka jini ya yi amai. Na yi kansa ina salati, na ga bakinsa a bushe, rigarsa ba tabo. Sai na bi jan da ido har zuwa gindin jakar, inda yake ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

A rayuwata ban taɓa taɓa kayan Baffa ba. Ranar na sauke jakar na zazzage ta a ƙasa. Carbi, ɗan littafin addu'a, asuwaki, sai wani ƙullin tsumma babba da ya jiƙe sharkaf. Na kwance. Ƙwayoyi ne, tuli guda, na sama suna nan da siffarsu, na ƙasa sun narke sun zama jan kunu a hannuna.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Da na ɗago, Baffa ya tashi zaune yana kallon hannuna.

"Ba zubarwa na yi ba," ya ce a hankali. "Kayan hukuma ne. Na ce in na tashi sai a mayar musu, wani ya amfana."

"Baffa, me ya sa?" Na ɗaga masa tsumman. "Me ya sa ba ka sha ba?"

 Ya kau da kai wajen taga. Can ya ce, "Na sha kwana huɗu. Bai karɓe ni ba."

"Ta yaya bai karɓe ka ba?"

"Akwai abin da na gani." Ya tsaya, ya yi tari, ya goge baki. "Ba abin faɗa ba ne, 'yar mutane. Yana yanka ni a ciki. Na ga alama."

A nan na gane. Wallahi ji na yi kamar an kwaɗa mini taɓarya a ƙirji. Mutumin nan ya ga ja, ya ɗauka jininsa ne ke zuba, kuma a duk gidan ba wanda zai iya gaya wa: ni suruka, ɗansa ɗan fari. Ya ƙi ce mini in daina kawowa don kada ya watsa mini ƙasa a ido. Sati bakwai yana karɓar faranti yana sa mini albarka, yana ƙulle maganinsa a tsumma yana jiran mutuwa cikin ladabi. Maganar da za ta hana duk wannan kuwa tana bakina tun ranar farko.

Na runtse ido na faɗa. "Baffa, fitsari ne ya yi ja, ko? Ba jini ba ne. Launin maganin ne, kowa ya sha haka yake gani. Sun gaya mini tun ranar da aka ba mu, aka ce in faɗa maka. Ni ce ban faɗa ba."

 Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban mutu ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau: ashe ba a mutuwa.

"Ba jini ba ne?" ya ce.

"Ba jini ba ne, Baffa."

Ya daɗe yana kallon jan da ke hannuna. Sannan ya ce, "To."

Na kira Madam Ladi a waya ina kuka. Ta yi salati irin nasu, ta ce, "Kai! Ni ma da laifi na, da na fita na gaya mashi da baki na." Washegari ta hau okada ta zo har gida, abin da ba dole ba ne a kanta, Allah ya biya ta. Ta ce za a fara lissafi daga farko, kuma daga yau sai an ga ya haɗiye da ido. Abban Hanifa na kira shi ya juyo daga hanya. Abin da na faɗa masa a ɗaki ba zan rubuta ba. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hula.

Da safe akwati ya yi kuka. Wannan karon na ɗauke shi ɗungurum na kai ɗakin Baffa, na buɗe a gabansa, na miƙa masa ƙwayoyin a hannu, na zauna. Ya jira in fita. Ban fita ba. Gumi yana bin bayana, idona a kan tabarma, amma na zauna. Da ya ga da gaske nake, ya juya fuska bango ya sha. Na ce, "Baffa, Madam ta ce sai na gani." Dattijon nan mai shekara saba'in ya juyo ya buɗe mini baki kamar yaron goye. Na fito na shiga kicin na yi kuka mai isata.

Goggo Dije da ta ji labari ta tafa hannu ta ce duniya ta ƙare, suruka tana leƙa bakin suruki. Ta ce dama an gaya musu 'yan birni ba su da ta ido. Na ce, "Goggo, ta idon ce ta kawo mu nan." Ba ta sake yi mini magana ba har ta tafi.

Kwana goma da sake farawa, zufar ta ragu. Ranar sha biyu ya ce yana marmarin nono, aka kawo daga ruga, ya sha rabin ƙwarya, kuma a gabana ya sha. Ranar sha biyar ya fita alwala da ƙafarsa yana dafa bango, ya tsaya a tsakar gida ya tambayi Abban Hanifa ko jar sanuwar nan ta haihu. Kai tsaye ya tambaye shi, ba ta bakin kowa ba. Na ce a raina mun tsallake.

Ranar sha tara da safe, ina ɓalle ƙwaya ta biyu, tari ya sarƙe shi. Ya kai gefen rawani baki, da ya janye na ga ja. Wannan karon na gaske ne, kuma bai tsaya ba. Maƙwabcinmu ne ya kwashe mu a motarsa. Aka ba shi gado, aka sa masa iska a hanci, aka nemi jini, Abban Hanifa ya bayar. Likitan nan mai gilashi ya ja mu gefe ya ce ciwon ya riga ya ci wata jijiya a huhun, suna iya ƙoƙarinsu. Na tambaye shi, da ya sha tun farko fa? Ya cire gilashin ya goge, ya ce, "Hajiya, an kawo shi a makare tun asali. Ba zan iya ce miki e ba, ba zan iya ce miki a'a ba." Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba, ko da yake na so ya yi.

Kwana na biyu da la'asar Baffa ya farfaɗo sosai. Goggo ta fita salla, ɗansa ya tafi sayen allura, ni kaɗai ce a gefen gadon. Ya motsa yatsa, na matso.

"'Yar mutane, kin sha wahala."

Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Ni na jawo."

Ya girgiza kai. "Ke kin ji kunyata, ni na ji taki. Kowa abin da aka koya masa ya yi." Ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Akwatin nan, ki mayar musu. Da sauran maganin. Amana ce."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ƙarfe bakwai na safiyar, akwatin ya yi kuka a cikin jakata a barandar asibiti, na buɗe shi don kawai ya yi shiru. Ko wannan ranar ma kore ta yi.

Na yarda kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Kuma ba na zagin akwatin. Abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi, bai taɓa makara ba, ya tashe ni ranar da gajiya za ta sa in manta. Amma a wayar Madam Ladi, har gobe, Baffa mutum ne da ya sha maganinsa kwana sittin da tara ba fashi, ya kuma rasu. Duk wanda ya duba zai ce maganin ne bai yi ba.

Bayan sadakar bakwai na wanke akwatin na goge, na haɗa da ragowar katin ƙwayoyi na kai. Na tarar da layi kamar kullum. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran Madam ta gama da wata yarinya, amarya ce da gani, lallen hannunta bai goge ba. An ajiye mata farin akwati a gaba tana ta gyaɗa kai. Na ji Madam tana cewa, "Baban miji naka ne ko? To ka ji da kyau, fitsari nashi zai yi ja..." Yarinyar ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na san wannan murmushin. Madam ta yunƙura za ta tashi ta je ta gaya wa surukin da bakinta, sai ta hango ni, muka haɗa ido. Na ce mata ta zauna.

Na juya na fita wajen benci. Mutum ɗaya ne tsoho a wurin, da farar hula da sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana tari a cikin hankici. Ban san shi ba, bai san ni ba. Na durƙusa a gabansa na gaishe shi, ya amsa.

Na ce, "Baba, maganin da za a ba ka zai sa fitsarinka ya yi ja. Ba jini ba ne. Kada ka daina sha."

Mutanen benci suka juyo suna kallona. Wata mata ta ce, "Ikon Allah." Tsohon ya kau da kai gefe, kunya ta kama shi har kunnuwa, ya yi kamar bai ji ba. Ban tashi ba. Na ce, "Baba, ka ji ni?"

Bai kalle ni ba.

"Na ji, 'yata," ya ce.